Gadon Kusa da Na Uwata

A shekarar da na shiga ƙungiyar masu addu'a ta majami'armu ina da ciki wata biyu, kuma babu wanda ya sani sai maigidana. Shi ma ba da baki na gaya masa ba. Ya ga na daina taɓa busasshen kifin da yake so a miya, ya dube ni, na sunkuyar da kai, magana ta ƙare. Anfirme ne, mai jinyar marasa lafiya a likita, wato asibiti, mutumin Dahome, ba ya bukatar a yi masa bayani. Lokacin ana ta raɗe-raɗin cewa Faransawa sun kusa tattara kayansu, maza suna zama a ƙofar gida suna gardama a kan abin da zai biyo baya. Ni abin da ke hana ni sukuni bai kai girman ƙasa ba. Ina tunanin inda zan haihu ne.

Ni ɗiyar fari ce. An haife ni a wani ƙauye na ƙasar Droum, ana yaye ni aka ba goggona riƙona, ta taho da ni Damagaram. Uwata ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa dubana ido cikin ido ba, ba ta kuma taɓa yi mini magana kai tsaye ba. Wannan ba abin kuka ba ne a wurinmu, kunya ce, haka kowace uwar kirki take yi da na farinta. Ƙannena suna ce mata Iya, ni ban taɓa kiranta da komai ba. In goggo ta kai ni ƙauye da kaka, takan ajiye ƙwaryar fura a bakin ɗaki ta juya baya ta ce, "Wai mutanen birni ba su jin ƙishirwa ne?" Na san tawa ce, in ɗauka in sha.

Mijin goggo kuku ne a misiyo, gidan limaman Kirista. Da goggo ta rasu ina 'yar shekara goma sha biyar, matan zuhudu da muke ce wa Maser suka riƙe ni, ina wanke musu bandeji, suna koya mini ɗinki da ɗan Faransanci. A can na koyi addu'o'insu. Babu wanda ya tilasta mini, wannan kam ina so a sani, ni na nema da ƙafata, kuma sai da suka ja mini rai shekara uku kafin a yi mini baftisma. Bayan nan na yi aure. Ubana ya riga ya rasu, saboda haka ƙanensa ne ya aiko da saƙo ta bakin wani mai kawo gyaɗa kasuwa, ya ce kada in sake taka gidan. Daga uwata kuwa ba a kawo komai ba, ko daɗi ko ɗaci.

Nan ne wuyar take. Da uwar wani ce ta yi shiru haka, sai a ce ta yi fushi. Tawa kuwa tun ina cikin zanen goyo shiru take yi mini, ban da hanyar da zan bambance shirun da da na yanzu. Ga shi a wurinmu haihuwar fari a gida ake yi. Ciki na shiga wata bakwai ake mayar da yarinya ɗakin uwarta, a tara itace, a dafa mata ruwan wanka safe da yamma har kwana arba'in, a dama mata kunun kanwa. Maigidana ya ce ga likita, ga ungozoma mai takarda, me ya rage? Na ce babu. Mutumin kirki ne, amma akwai abin da in ka tsaya bayyana wa namiji sai ka ji kamar kana roƙo.

Saboda haka ba zan yi ƙarya in ce tsarki ne kaɗai ya kai ni ƙungiyar nan ba. Ina son Maryamu, har yau ina son ta. Amma na kuma lura cewa in ɗaya daga cikin matan ƙungiyar ta haihu, sauran suna zuwa da tsintsiya da tulun ruwa. Na ce a raina, in ban da uwa, ai sai in nemi masu tsintsiya.

Muna taruwa ran Asabar da la'asar a wani ɗan ɗaki bayan majami'a. Mu tara ne da ni. Akwai 'yan Togo, da 'yan Dahome, da wasu Mosawa biyu, Bahaushiya ni kaɗai. A kan tebur akwai farin ƙyalle, da siffar Maryamu mai tsawon kamu ɗaya, da kyandir biyu, da gwangwanin madara biyu da ake sa fure a ciki. Fure a Damagaram, garin da ake sayen ruwan sha a hannun 'yan garuwa, ba ƙaramin aiki ba ne, da ruwan ɗaurayar kwano ake renonsa. Mu durƙusa mu ja carbi, sannan kowa ya tashi ya ba da rahoton aikin da ya yi a makon, wanda bai kamata ya gaza awa biyu ba. Shugabanmu malamin lakwal ne, wato makarantar boko, ɗan Togo, siriri, yakan cire agogonsa ya ajiye a gabansa, in ka cika surutu ya ɗan taɓa shi da yatsa. Limamin majami'a, Bafaranshen da muke ce wa Momper, yana zama a gefe, ba ya sa baki sai an tambaye shi. Dokokin ba su da yawa. Sabon shiga zai yi wata uku na gwaji kafin ya ɗauki alkawari. Abin da aka faɗa a ɗakin nan ba ya fita. Kuma ba a zuwa aiki mutum ɗaya, sai biyu biyu.

Aka haɗa ni da wata babbar mace 'yar Dahome da kowa ke ce wa Tanti. Mijinta akawun duwan ne, wato kwastan, ya rasu ya bar ta tana tuyar fanke a bakin kasuwar Zengu. Shekararta talatin a garin, amma Hausarta ta tsaya inda ta tsaya a shekarar farko, mace da namiji duk "kai" ne a bakinta. Tana da ƙiba, tana da murya, tana tafiya kamar an aike ta ɗauko wuta. In mun je gidan mutane, ni ina tsaye a zaure ina sallama ta uku, ita ta riga ta shige tana tambayar inda tsintsiya take. Na yi ta jin kunyarta a makonnin farko. Daga baya na ga tsofaffin da muke zuwa wurinsu ita suke tambaya in ta makara, ba ni mai ladabin ba.

Aikinmu sharar majami'a, da wankin ƙyallayen bagadi, da kai wa wani tsohon soja ruwa. Ran Alhamis kuma muna zuwa ɗakin mata a likita. Kusan duk majinyatan Musulmi ne daga ƙauyuka, kuma malamin lakwal ya ja mana kunne cewa ba wa'azi aka aike mu ba. Mu ɗebo ruwa, mu wanke wadda ba ta iyawa, mu tsefe kai mu yi kitso, mu ba mai rawar hannu abinci a baki. Addu'armu a zuci muke yi. Na fi son wannan aikin a kan sauran, domin a ɗakin nan nake jin irin maganar ƙauyenmu.

A Alhamis ta biyar, ina shiga da bokiti a hannu, na hangi wani zane baƙi mai ratsin fari a gado na uku daga ƙofa. Kafin in ga fuska na gane zaman. Uwata tana zama ne da hannu ɗaya a bayan wuya, kamar mai sauraron wani abu daga nesa. Ƙafarta ta hagu a naɗe da bandeji har gwiwa. Daga baya na ji cewa ƙaya ce ta soke ta wajen cirar gyaɗa, wurin ya zama gyambo, aka kawo ta a kan jaki aka bar ta, don kaka ce, babu mai hannun zaman jinya. Shekara huɗu rabona da ita. Ta rame, gashin gaban kanta ya yi fari.

Na ajiye bokitin, na je na durƙusa a gefen gadon na gaishe ta. Ta ja mayafi ta juya fuska wajen bango. Leɓenta ya motsa, amma wata mata tana tari a bayana, ban ji ko amsawa ta yi ko salati take yi ba. Na ƙara jira kaɗan, gwiwata a kan siminti. Ba ta ƙara komai ba. Na tashi na fita baranda, na jingina da ginshiƙi.

Tanti ta biyo ni. "Mene ne? Ka ga fatalwa?"

Na ce, "Uwata ce."

Ta san labarina sama-sama, kamar yadda kowa ya sani a majami'a. Sai na ga idonta ya cika da hawaye. Ta kama hannuna, ni kuma na ɗauka lallashina za ta yi, ashe ja take. Kafin in turje mun isa bakin gadon. Ta kamo hannun uwata daga cikin mayafi, ta ɗora a kan nawa, ta danne da nata, ta ɗaga muryar nan tata ta kasuwa.

"Mama, ga ɗiyarka. Ka dube shi. Allah ba ya son uwa ya ƙi ɗa. Ka kira sunansa, ka ce ka yafe."

Sai ta faɗi sunana, na yanka, wanda uwata ba ta taɓa bari ya fito daga bakinta ba. Ta faɗa sau uku, a hankali, kamar mai koya wa yaro magana, tana jira a maimaita.

Ɗakin ya yi tsit, har mai tarin ta daina. Mata kusan ashirin, duk 'yan ƙauye, kowacce ta san abin da aka yi. Wata tsohuwa a gadon kusa ta ce, "Subhanallahi," ƙasa-ƙasa. Uwata ta zare hannunta a hankali, ba ta fizge ba, ta ja mayafin ta rufe kanta gaba ɗaya har ƙirji. Mace mai jikoki, an tsayar da ita a gaban jama'a ana ce mata ta kira sunan 'yar farinta. Da an tuɓe mata zane a kasuwa da zai fi mata sauƙi.

A waje na gaya wa Tanti maganar da har yau nake jin nauyinta. Na ce shekara talatin tana cin tuwon garin nan amma ba ta san komai a kan masu garin ba sai kuɗin fankensu. Na ce ɗan abin da ya rage tsakanina da uwata ta sa ƙafa ta take. Ta tsaya baki buɗe, ba ta gane laifinta ba, ni kuma ban tsaya na fahimtar da ita ba. Ina da zuciya a lokacin, yanzu ma ba ta tafi duka ba.

Ban je taron Asabar ba, ban kuma je likita ran Alhamis ba. Kullum ina dafa tuwo da miyar kuka in ba wata mai shara ta kai gado na uku. Maigidana ba shi da halin kaiwa, suruki ne, shi ma da ya ji ko wace ce sai ya koma zagayawa ta bayan ginin don kada su haɗu. Kwanon yana dawowa a wanke. Na tambayi mai sharar wa ya ci, ta ce ita dai tana ajiyewa ta wuce. A ɗakin da yunwa ta yi yawa haka, kwano ya dawo babu komai bai nuna komai ba.

Ran Juma'a ta biyu da hantsi ina tankaɗe, sai na ji sallama a zaure. Sau uku aka yi, da tsayawa tsakani. Na leƙa, Tanti ce, tana tsaye tana jira a ce ta shigo. Na shimfiɗa mata tabarma. Ba ta ba ni haƙuri ba, ni ma ban ba ta ba. Ta karɓi rariyar daga hannuna ta ci gaba da tankaɗen.

Can ta ce, "Malam ya ce in ba da rahoto na Alhamis ɗin nan. Na ce a'a. Mu biyu muka je, mu biyu za mu faɗa. Mako biyu yana taɓa agogo, ni ina zaune."

Na ce, "Ba zan iya tsayawa gaban maza in yi maganar uwata ba."

"To ka tsaya kusa da ni, ka gaya musu abin da na ɓata. Ni ban sani ba. Ina so in sani."

Wannan ce ta karya ni. Washegari na je.

Ban taɓa yin magana mai tsawo haka a gaban mutane ba. Na tsaya ina kallon gwangwanin fure, da guntun Faransancina da Hausa, ina bayyana wa mutanen Togo da Dahome da Bafaranshe abin da ko yaron goye ya sani a Droum. Na ce uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna shi a gaban mutane, kuma duk wanda ya ga tana yi zai ce ba ta da kunya. Ɗaya daga cikin Mosawan ya gyaɗa kai, ya ce su ma suna da mai kama da haka. Tanti ta rufe bakinta da hannu biyu. Malamin lakwal bai taɓa agogonsa ba ko sau ɗaya.

Momper ne ya yi tambaya, abin da ba ya yi. Ya ce, "To, ɗiyata, ta yaya kike sanin tana son ki?"

Na ce, "A da ina sani."

Ban faɗi maganar cikin ba, wannan ko da wuƙa a wuya ba zan faɗa a gaban maza ba.

Tanti ta sauke hannunta ta ce, "In ba ya magana da kai, da wa yake yi?"

Na ce, "Da duk wanda ke kusa. Ko da bango."

"To ni na fi bango." Ta juya wajen malamin. "Doka ya ce mu tafi mu biyu. Ya ce mu tsaya gado ɗaya?"

Malamin ya yi tunani, da gaske yake tunanin, don shi mutum ne da ba ya wasa da doka. Ya ce a'a, ba a ce haka ba. Aka rubuta cewa daga ranar 'yar'uwa babba za ta kula da gado na uku, 'yar'uwa mai gwaji kuma da gado na huɗu. Muka durƙusa muka rufe taro.

Alhamis ta gaba Tanti ta sayi goro fari guda biyar ta ƙulle a ganye. Na koya mata abin da za ta faɗa tun daga gida har ƙofar likita, ta yi ta maimaitawa. Da muka shiga na wuce kai tsaye gado na huɗu, wurin tsohuwar nan da ta yi subhanallahi, mutuniyar Zermu ce mai kumburin ƙafafu. Na zauna na ba gadon uwata baya. Tsakanin bayana da nata bai fi taku biyu ba. Ina jin Tanti tana nishi tana kai gwiwoyinta ƙasa, abin da ko a majami'a sai ta dafa benci take yi. Duk abin da na koya mata ya gudu. Abin da ya fito shi ne, "Mama, ni jaki ne. Ga goro."

Sai na ji wani sauti da na manta da shi, uwata tana dariya ta hanci, tana ƙoƙarin dannewa. Ta ce, "Tashi, baiwar Allah, kada ki fasa musu siminti. Baƙo ai ba ya laifi."

Haka muka yi mako shida. Tanti tana yi wa uwata tsifa da wanka, ni ina yi wa tsohuwar Zermu. Uwata kuwa, wadda na sani da ƙarancin magana, sai ta zama mai surutu. Tana ba Tanti labarin wanda ya mutu a ƙauye da wanda ya yi aure, da rijiyar da ta rufta, da yadda geron gonar gabas ya yi kyau bana amma tsuntsaye suka yi ɓarna, da ƙanwata da ta haifi namiji. Tanti ba ta san ko mutum ɗaya a cikinsu ba, rabin maganar ma ba ta ganewa, sai dai ta yi ta cewa "To, to." Ni ina jin komai, ina ƙirga matattun da ban yi wa ta'aziyya ba. Wani lokaci in ce a raina, ai da ni take. Wani lokaci kuma in ce, mace ce da ta gaji da kaɗaici ta sami mai saurare. Domin a duk makonnin nan ba ta taɓa faɗin kalma ɗaya da ta shafe ni ba, ko da "waccan" ba ta ce ba.

A cikin haka wata ukuna na gwaji suka cika, aka ƙara mini mako biyun da na yi yaji. Na ɗauki alkawari ran wata Asabar, a tsaye gaban teburin, ina karanta takardar da yatsa saboda karatuna bai nuna ba. Na yi alkawarin addu'a da hidima, na kuma yi shi da zuciya ɗaya, ba don masu tsintsiya kaɗai ba. Tanti ta rungume ni har sai da na ji tsoron cikin, wanda nake ɓoyewa da ɗaurin zane sama da babban mayafi. Na yi farin ciki ranar. Amma a hanyar gida na tuna cikin ya shiga wata na shida, kuma har yanzu ban san inda za ni ba.

Alhamis ɗin da ta biyo baya, muna shiga majo, babban masu jinya, ya tare mu a baranda ya ce gyambon gado na uku ya rufe, gobe za a sallame ta, an ma aika ƙauye a kawo jaki. Na ɗebo ruwa a bokiti kamar kullum, na kai gado na huɗu, na zauna a ƙasa na sa ƙafar tsohuwar a cikin kwano. Na san in ta hau jakin nan ba tare da ta ce komai ba, to an gama, ba ni da wata ƙofa.

Uwata ta yi ta labarin farashin gyaɗa. Ta yi na wata akuya da ta ɓata. Tanti ta gama kitson, ina jin tana tattara mataji da tsinke. Sai uwata ta ce, da muryar da take tambayar ko an ga ludayinta, "Baiwar Allah, waccan abokiyar tafiyar taki. Ki ce ta daina ɗaukar bokiti."

Tanti ta ce, "Don me, Mama?"

"Ke mace ce, kina yawo da ita wata da watanni, ba ki gani ba? Ni tun ranar da ta shigo ɗakin nan na gani a wuyanta."

Na ji Tanti ta ja numfashi. Na ci gaba da cuɗa ƙafar da ke hannuna.

"In ya shiga na bakwai, a kawo ta. Kada a bari sai ya tsufa, hanyarmu ba ta da kyau."

Tanti, Allah ya ji ƙanta, ta koyi abu a makonnin nan. Ta rage murya ta ce, "Mama, baban gida fa? Ya ce kada ya zo."

"Ya faɗa. Ni ma na ji." Ta ɗan tsaya. "Gidan nasa ne, ɗakin nawa ne. A ɗakin na haife ta. In zai fitar da ita sai ya fara da ni, kuma ya san ba ni fita da wannan ƙafar. Carbin nata ta zo da shi, ta dai sa a ƙarƙashin matashi, kada tsoho ya gani hawan jininsa ya tashi."

"To itace? Ruwan zafi yana cin itace."

"An tara. Washegarin ranar da kika zo kika yi mini tijarar nan, wata 'yar garinmu ta leƙo ni, na ce ta gaya wa yaran su fara tarawa a bayan ɗaki. Yanzu ya isa har ya yi saura."

Washegarin ranar. Wato duk mako biyun da na yi a gida ina cin zuciya, da shidan da na yi ina ba ta baya ina auna kowace kalma, itacen yana can yana taruwa. Hawaye suka riƙa zuba cikin kwanon, ban da hannun sharewa. Ban taɓa son wani mahaluki kamar yadda na so matar nan a wannan lokacin ba, kuma ban juya ba, domin juyawar ita ce abu ɗaya da zai ɓata mata.

Gado ya yi ƙara, Tanti ta yunƙura za ta taso wurina. Uwata ta ce, "Ba yanzu ba. Sai kun fita."

Tsohuwar Zermu ta taɓa kaina da yatsa. "Ɗiyata, wannan ƙafar ta fita tun ɗazu. Ga ɗayar."

Na wanke ɗayar, na goge, na shafa mata mai. Tanti ta ɗauki bokitin, ta harare ni da na kai hannu. A bakin gado na uku na durƙusa na ce mun tafi, Allah ya ƙara sauƙi. Uwata tana kallon bango, hannunta a bayan wuya. Ta ce wa Tanti, "Ku gaida gida."

Muna sauka daga baranda Tanti ta ja ni inuwar wata bishiyar bedi, ta ajiye bokitin, ta gyara tsayuwa kamar mai ba da rahoto ran Asabar. Ta ce, "Mama ya ba ni saƙo in gaya maka." Ta fara tun daga bokiti, ta bi ta wata bakwai, da ɗaki, da carbi, da itace, ba ta tsallake ko ɗaya ba, kamar ba a gabana aka yi ba. Na bar ta har ta kai ƙarshe. Da ta gama na ce ban ji da kyau ba, ta sake faɗa.